Safar Matse Ƙafa: Wa Take Taimaka, Wa Take Cutarwa?



A Gangaren Tudu, kamar sauran unguwannin Keffi, mutane da yawa a tsaye suke neman abinci: mai aski, malamar firamare, ma'aikaciyar jinya, mai jiran kanti. Wasu kuma zama ne ke cin su, musamman ma'aikatan da ke sammako zuwa Abuja su maƙale a cunkoson Mararaba da Nyanya, gwiwa a lanƙwashe, ba halin miƙe ƙafa. Da yamma kukansu ɗaya ne: ƙafa ta yi nauyi, idon sawu ya kumbura, jijiyoyi sun fito ruɗu-ruɗu a sha-raɓa. Yanzu safar matse ƙafa ta shigo kemis-kemis da shafukan talla na intanet, ana sayar da ita da sunan maganin duk wata matsalar gudun jini. Matsayin wannan takarda shi ne safar tana da amfani na gaske, amma ga ƙafar da aka duba aka auna. A wata ƙafar, ita ce za ta jawo gyambo.

Zuciya ce ke tura jini ya gangara ƙafa, sai dai ba ita kaɗai ke dawo da shi ba. Komawar hawa ce, kuma tsokar sha-raɓa ke ɗaukar mafi yawan aikin. Duk takun da mutum ya yi, tsokar na matse jijiyoyin da ke cikinta, jini ya yi sama, wasu 'yan ƙofofi masu kama da bawul ɗin taya su rufe don kada ya koma ƙasa. Idan mutum ya tsaya cak, nauyin jinin da ke kan jijiyar idon sawu yakan kai 80 zuwa 90 a ma'aunin da ake gwada hawan jini da shi. Da ya fara tafiya sai ya sauko zuwa wajen 30. Shi ya sa telan da ke taka keken ɗinki ya fi mai askin da ke maƙwabtaka da shi samun sauƙi ta wannan fuska, ko da kuwa a zaune yake yini.

Idan ƙofofin suka saki, jini ya taru, jijiya ta buɗe ta murɗe. Gado na kan gaba cikin dalilai, sai ciki, ƙiba da shekaru. A 1972 likita Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya rubuta cewa wannan ciwo bai yawaita a karkarar Afirka ba, ya alaƙanta hakan da irin abincin da ake ci da yanayin rayuwa. Masana sun yi ta jayayya da dalilin da ya bayar. Ko ma dai mene ne, rayuwar mazaunin Keffi na yau, tsakanin acaɓa, kujerar ofis da kanti, ta yi nisa da ta manomin da Burkitt ya gani.

Safar ba ta ɗaure ƙafa bai ɗaya. Ta fi matsewa a idon sawu, tana sassautawa yayin da take hawa zuwa gwiwa, ta haka take kora jini sama. Wani injiniya haifaffen Jamus mazaunin Amurka, Conrad Jobst, wanda shi kansa ke fama da ciwon, ya lura ƙafafunsa na samun sauƙi idan ya tsaya a cikin ruwan iyo, inda ruwa ya fi danna ƙasan ƙafa. Daga nan ya ƙera safar wajen 1950. A yau ana sayar da ita mataki-mataki, gwargwadon ƙarfin matsinta a wancan ma'aunin na hawan jini: 15 zuwa 20 don gajiya da ɗan kumburi, 20 zuwa 30 don jijiyoyin da suka fito, 30 zuwa 40 kuwa sai da umarnin likita.

Abin da mai talla ba ya faɗa shi ne safa ba ta gyara ƙofar da ta lalace. Tana rage nauyi, zugi da kumburi muddin tana ƙafa. Ranar da aka daina sa ta, ciwo na nan. Hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila, a jagorar da ta fitar a 2013, ta fifita toshe ko cire jijiyar da ta lalace, ta ce a koma ga safa idan aikin bai dace da majinyaci ba, ko ga mai ciki da ke neman sauƙi har ta haihu. Inda matsi ya yi fice shi ne gyambon jijiya, wanda kan zauna a saman idon sawu wata da watanni: ɗauri na taimaka masa ya warke, safa kuma na rage yiwuwar dawowarsa. Bincike ya kuma nuna tana rage daskarewar jini a ƙafar matafiyin da ya daɗe a jirgin sama, abin da ya kamata maniyyata aikin Hajji su sani. Amma a wani babban gwaji da aka wallafa a 2009 kan masu shanyewar ɓarin jiki, doguwar safa ba ta hana daskarewar jinin ba, sai ma ƙarin raunukan fata da ta haddasa.

Haɗarin ya fi girma ga wanda jinin ne ba ya isa ƙafarsa tun farko, saboda hanyoyin da ke kawo shi daga zuciya sun tsuke. Masu ciwon suga da mashaya taba sun fi faɗawa ciki. Alamunsa daban ne: ƙafa ta yi sanyi, sha-raɓa ta ƙulle bayan 'yar tafiya ta sake idan an tsaya, zugi ya tsananta da dare har sai an sauko da ƙafar daga gado. Matse irin wannan ƙafa tamkar datse ɗan jinin da ya rage ne. Mai suga da ƙafarsa ta daina jin taɓi ba zai ma san safa na yanka shi ba sai ya ga ruwa. Likita na rarrabewa ta hanyar gwada ƙarfin jini a idon sawu da a hannu, ya raba na farko da na biyu. Idan sakamakon ya gaza 0.8 ana taka-tsantsan, idan ya gaza 0.5 ba a matsewa ko kaɗan.

Ba kuma kowane kumburi ne na jijiya ba. Ƙafa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya da zafi, ko mai ciki da fuskarta da hannuwanta suka tasa, maganar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Keffi ce a ranar, ba ta kemis ba. Ciwon zuciya da na ƙoda na kumbura ƙafafu biyu. Masu sikila na da nasu gyambon. Tundurmi ma bai gama ɓacewa daga jikin mutane ba: a 2017 aka sanar da cewa jihohin Nasarawa da Filato sun shawo kan yaɗuwarsa, amma waɗanda ya riga ya kama suna nan da ƙafarsu, kuma kulawarsu daban ce.

Wanda aka ce safa ta dace da shi, da safe ake auna kaurin idon sawunsa da sha-raɓarsa, kafin ƙafa ta kumbura, kuma da safen zai sa ta, ya cire idan zai kwanta. Kada a naɗe bakinta, don naɗin kan zama ɗauri a ƙasan gwiwa. Robarta na saki bayan wata 3 zuwa 6, saboda haka ta gwanjo asarar kuɗi ce. Man kaɗe da dare za a shafa, don maiƙo na kashe roba. A zafin Maris da Afrilu, gajeriya mai tsayawa ƙasan gwiwa ta wadatar da yawancin mutane, kuma ita ce aka fi iya jurewa.

Saura alwala, wadda takardar da ke cikin kwali ba ta ambata. Malaman Malikiyya sun sharɗanta cewa abin da za a yi shafa a kansa ya zama na fata, safar roba kuwa ba fata ba ce, kuma cire ta sau biyar a yini na sa tsofaffi su jefar da ita cikin mako guda. Akwai mai buɗaɗɗen wajen yatsu, wadda ake iya janyewa sama da idon sawu a wanke ƙafa, a tsane ta sosai, a mayar. Mai gyambon da likita ya ɗaure kuwa, hukuncinsa na shafa a kan ɗaurin rauni ne, kuma malamai sun fi kowa cancantar yi wa jama'a bayaninsa.