Jawabi a Kan Sayar da Haƙƙin Ma'adini Mai Komawa ga Mai Gona

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Amma bayan haka:

Ya ku malamai da almajirai, ku sani a ƙasar Amurka gona ɗaya tana iya zama da masu ita biyu. Bisan ƙasa na wani ne, abin da ke ƙarƙashinta, kamar man fetur da kwal, na wani ne. Mai ƙarƙashi yana sayar da haƙƙinsa kamar yadda ake sayar da gida. Amma a jihar Indiyana an kafa doka a shekarar 1971 cewa wanda ya bar haƙƙinsa shekara 20, bai haƙa ba, bai biya harajinsa ba, bai rubuta da'awarsa a wurin hukuma ba, haƙƙin ya faɗi, ya koma ga mai gona. Kotun Ƙoli ta ƙasarsu ta tabbatar da wannan a 1982.

Mas'ala: mutum ya gaji irin wannan haƙƙi, wa'adi ya kusa cika, shin ya halatta ya sayar?

Jawabi: ya halatta, da sharaɗin ya bayyana wa mai saye shekarun da suka shige da waɗanda suka saura. Kadan ya bayyana, mai saye ya san abin da ya saya, ya yi gaugawar rubuta da'awa, dukiyarsa ta tsira. Kadan ya ɓoye, ya yi algus, kamar mai sayar da doki yana ɓoye gurguntarsa. Kadan kuwa wa'adi ya riga ya cika, ya sayar da abin da ba nasa ba, dole ya mayar da kuɗi.

Sa'an nan ku sani, mashhuri a mazhabar Imamu Maliku shi ne, hukuncin ma'adini yana hannun shugaba, ko da a gonar wani aka same shi. Shugaba yana bayar da shi domin a amfana, ba domin a mallaka ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya ba Abyalu ɗan Hammalu gishirin Ma'aribu, da aka gaya masa gishirin kamar ruwa ne marar yankewa, ya karɓe shi.

Haka kuma a Nijeriya, tsarin mulki na 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun sa dukkan ma'adini a hannun gwamnatin tarayya. Babbar takardar izinin haƙa wa'adinta shekara 25 ne, ana iya sabunta ta. Manomin da ya ce ya sayar maka da zinariyar gonarsa, ya sayar da abin da bai mallaka ba. Mai takardar izini kuwa, sauran kwanakinta kaɗai ke hannunsa.

Domin haka kada ku rubuta wa kowa takardar irin wannan ciniki, kada ku shaida ta, sai kun tambayi abu uku: na wane ne, har yaushe, ga wa zai koma.

Wallahu a'alamu. Tammat.