Ka Kira Shi Tukuna, Ba Raini Ba Ne

Ranka ya daɗe Dagaci, Allah ya ƙara girma. Allah gafarta Malam Liman. Masu unguwanni, iyayenmu mata da ke can bayan rumfa, da ku samari, sannunku da haƙurin zama cikin wannan rana.

Ba zan sake karanta muku abin da kuka riga kuka haddace ba. Kada ka ba kowa lambar sirrin katinka, kada ka karanta wa baƙuwar murya BVN ko NIN ɗinka. Wannan kun ji a rediyo, kun ji a bakin masu POS, har yaran makaranta sun iya shi. Abin da ya dawo da mu Sakwaya yau shi ne, duk da haka kuɗi bai daina fita daga aljihun mutane ba. Ɓarayin sun canza hanya. Sun daina zuwa a matsayin baƙi, yanzu sojan gona suke yi da sunan yayanka da ke Legas, ko malaminka, ko surukinka.

Mun ba da magani guda ɗaya, mai arha: duk wanda ya turo maka saƙo yana neman kuɗi, ka kira shi ka ji muryarsa kafin ka tura ko sisi. To a nan gizo ke saƙar. Na faɗa a Madobi, na faɗa a Kudai, na faɗa a Limawa cikin garin Dutse, amsar ɗaya ce kamar an haɗa baki. "Haba malam, yaya za a yi Baba ya ce in turo masa dubu ashirin, ni kuma in kira shi in ce wai shi ne? Ai raini ne." Wani ya ce mini, "Mutumin da ya ɗauki nauyin karatuna, yau ya nemi abu sau ɗaya, sai in tsaya bincike?"

Na ji wannan magana, kuma ban raina ta ba. Tarbiyya ce, da ita aka raine mu. Amma ku saurara ku ji yadda ake amfani da ita a yanke ku.

Ɓarawo yana zaune a wani gari da ba ku sani ba. Sai ya buɗe WhatsApp a wayarsa, ya rubuta lambar Alhaji. Kamfanin sai ya aika lambobi shida ta saƙon tes zuwa layin Alhaji, don ya tabbatar mai layin ne. Nan take ɓarawon ya kira Alhaji da ladabi, da sallama cikakkiya, ya ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne, ko kwamitin masallaci, ko masu rabon taki, za a yi taro ta waya da daddare, an turo masa lambar shiga, don Allah ya karanto. Da Alhaji ya karanto lambobin nan shida, shi ke nan, WhatsApp ɗinsa ya tashi daga wayarsa ya koma ta ɓarawo. Sunansa yana nan, hotonsa da hula da carbi yana nan, duk guruf ɗin da yake ciki yana nan, da lambobin mutanen ciki. A Facebook ma ba sai sun sha wannan wahalar ba. Hoton mutum kawai za su kwafa, su buɗe sabon shafi da sunansa, su bi abokansa ɗaya bayan ɗaya.

Don haka in ka ce mini "ai da lambarsa ya zo, ai ga hotonsa," ni abin da na ji shi ne wani ya saci babbar rigar mahaifinka ya sa, ya tsaya a zaure cikin duhu, kai kuma ka durƙusa ka miƙa masa kuɗi saboda ka gane rigar. Wa ka girmama a nan? Baba bai ga ko kwabo ba. Sunansa ma aka ɓata, don gobe mutum goma za su zo ƙofar gidansa suna cewa ya ci bashinsu.

A wani ƙauye ta wajen Kiyawa, wata baiwar Allah ta nuna mini wayarta, gilashin duk ya tsage, ta ɗaure ta da kyauro. Saƙon yana nan, da sunan ƙanen mijinta: an kwantar da yaro a asibiti, ana neman jini, a taimaka yanzu yanzu, kuma kada a kira don yana gaban likita. Abin da ke hannunta kuɗin adashen da ta kwasa ne, na sayen awaki. Ta aiki ɗanta wajen mai POS. Yaron ya dawo ya ce, "Inna, sunan da ya fito a asusun ba na Kawu ba ne, wani suna ne ma da ba na nan ba." Ta rubuta ta tambaya, aka ce mata asusunsa ne ya samu matsala, wannan na abokinsa ne. Ta ce a tura. Na tambaye ta, Hajiya, me ya hana ki kira shi? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ƙanen miji ne, kuma yana cikin tashin hankali." Ƙanen mijin nan a lokacin yana gona yana ban ruwa, yaronsa lafiya ƙalau.

Ku lura da abubuwa uku da ke cikin saƙon nan, don kusan kullum tare suke zuwa: gaggawa, kada ka kira, da asusu mai sunan wani. Wanda ya ce kada ka kira shi, ai ya riga ya gaya maka abin da yake tsoro.

Kuma wa ya ce sai ka kira ka ce "Baba, kai ne kuwa?" Ba mu da baki ne? Ka kira ka gaishe shi. "Baba, barka da rana, na ga saƙo, ya mai jikin? Ta wane asusu zan turo?" Ina rainin yake a nan? In shi ne, ya ji daɗi ka damu da shi har ka kira. In ba shi ba ne, ka ceci kuɗinka, ka kuma sanar da shi an shiga rigarsa tun kafin a yashe sauran dangi. Sai dai ka kira ta layin waya kai tsaye, kada ka kira ta cikin WhatsApp ɗin da aka sace. Kuma saƙon murya bai isa ba, don ana iya turo tsohon da ya taɓa yi, har ma yanzu akwai manhajar da ke kwaikwayon muryar mutum. Magana za ku yi, ka tambaya ya amsa.

Iyayena, ku nake roƙo, don ku ne za ku warware wannan. Yaran nan tsoronku suke ji. Ranka ya daɗe, in kai da bakinka ka ce duk wanda ya ga saƙo da sunanka ya kira ka, ba ka ɗauke shi rashin kunya ba, magana ta ƙare a garin nan. Kowane magidanci ya tara iyalinsa yau da daddare ya faɗi haka. Malam Liman ya fi ni sanin abin da addini ya ce a kan bincika labari kafin a yi aiki da shi, ina roƙon ya taɓo shi ranar Juma'a. Hausawa dai sun ce kunyar mara kunya asara ce, kuma wanda ke can riƙe da wayar ba ya jin kunyar kowa.

Ina ganin wani yana murmushi a can baya, wai shi ba za a yi masa ba. Malam, an yi wa malaman makaranta, an yi wa ma'aikatan sakatariya, an yi wa 'yan kasuwar Shuwarin da ke lissafin miliyoyi da ka. Da yawansu ba su faɗa wa kowa ba, kuma shirun nan shi ke ba ɓarawo kwana uku yana cin kasuwarsa da suna ɗaya.

Lokaci ya ja, bari in bi sauran da sauri. Samari masu neman aiki, sunan da ke saman imel kowa zai iya rubuta shi, ku duba adireshin kansa. Na hukumomin gwamnati da .gov.ng yake ƙarewa, kuma ko shi ana iya ƙirƙirarsa, don haka duk takardar ɗaukar aikin kwastam ko shige da fice da ta ce a biya kuɗi a asusun wani mutum, ƙarya ce. Saƙonnin "danna nan ka karɓi tallafi" da suka yawaita tun da aka sanar da tallafin naira 25,000 a 2023, ku daina tura su guruf, ku goge. Tallace-tallacen da ke cika muku waya, ku rubuta STOP ku aika 2442. In an riga an cuce ka, banki za ka fara kira a rufe asusu, sannan ka je wajen 'yan sanda da saƙon da lambar asusun, kada ka goge komai. Akwai dokar laifukan intanet tun 2015, an yi mata gyara a 2024, sojan gona yana cikinta. In WhatsApp ɗinka aka ɗauke, sake rajista da layinka, sabuwar lamba za ta zo, ta fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa nasa makullin, wato lambar sirrin da ake kulle WhatsApp da ita, sai ka jira kwana bakwai, kafin nan a yi shela a masallaci kowa ya sani.

Makullin nan shi nake so kowa ya sa kafin ɓarawo ya riga shi. Bayan la'asar muna nan gindin darbejiyar ƙofar fada, abokan aikina za su nuna muku wurin. Mata kuma abokiyar aikinmu za ta same ku a cikin gida. Kowa da hannunsa zai danna lambarsa, ko mu kada ku bari mu gani. Wanda wayarsa ba caji ya je ya sa tun yanzu.