GIDAN GADO: KOWA DA SASHENSA, TO WA KE DA ZAURE?



An nemi in yi tsokaci a kan tsofaffin gidajenmu na gado. Da yake malanta ce sana'ata, zan fara da ginin makaranta, wato tsohuwar Kwalejin Katsina da ke Rafindadi. Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe ta a 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Da tubali da azara maginanmu suka gina ta, bango mai kauri, ɗaki da sanyi ko a tsakiyar bazara. A nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu. A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, inda a yau ake kiranta Kwalejin Barewa. Ɗalibai sun tashi, amma ginin bai faɗi ba. A 1959 aka sanya shi cikin kayan tarihi na ƙasa, daga baya ya zama gidan adana kayan tarihi. Aikinsa ya canja, amma bai rasa wanda alhakin gyaransa ke wuyansa ba.

To, mu dawo unguwa. Idan maigida ya rasu aka raba gado, kowa yakan san sashensa: wannan turaka, wancan shigifa, wance ɗakin uwarta. Sai dai akwai abubuwan da ba su rabuwa, wato zaure, katanga, rijiya da kwata. Waɗannan su ne na kowa, su ne kuma ba na kowa ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin damina. Indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta ruɓe, bangon da ke tsakanin wa da ƙane ya tsage. Daga nan sai zargi, sai kotu, sai dillali ya shigo, gidan kaka ya koma jerin shaguna.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A Faransa da Amurka akan ɗauki tsohon benen haya a sayar da shi sashe-sashe, kowa da takardar mallakarsa. Amma rufi da matakala da harabar gida na tarayya ne, kuma dole kowa ya biya kasonsa na gyara. Faransa ta kafa dokarta a kan haka a 1965.

Saboda haka ina ba da shawarwari uku. Na farko, ranar rabon gado a rubuta abin da ya rage na tarayya, a gaban mai unguwa da shaidu. Na biyu, a naɗa mutum ɗaya mazaunin gida ya riƙe asusun gyara, ku na birni ku riƙa aiko da kasonku kafin watan Mayu. Na uku, mai son sayar da sashensa ya fara yi wa ɗan'uwansa tayi, kamar yadda hukuncin shuf'a ya ba abokin tarayya fifiko.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ranar ɗaurin auren 'ya'yanku, a ƙofar wannan zauren za a shimfiɗa tabarma.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Wassalam.