Jawabin Biro a Taron Shekara: Littattafai Uku Kan Riƙon Ƙungiya

Iyayenmu dattawa, malamai, iyaye mata, da ku ƴan'uwa da kunka taso daga Yamai, Maraɗi da Damagaram, sannunku da zuwa. Na Abijan da na Kano, takardar nan za ta iske ku.

Kowa ya san abin da ya faru bara. Pampon gari ya lalace tsakiyar rani, mata sunka koma tsohuwar rijiya, alhali kuɗin zubi na shigowa. Da anka tambaya, shugaba ya ce a ga ma'aji, ma'aji ya ce a ga sakatare, sakatare ya ce shi ba a ba shi kaye ba. Ba mu ce wani ya ci ba. Amma ƴan ci-rani da dama sun ce ba su ƙara aiko ko dala sai an gyara tsari, kuma suna da gaskiya. Shi ya sa munka roƙi malamanmu da yaranmu na lakkol su duba mana abin da masana sunka rubuta. Ga littattafai uku da sunka kawo.

Na farko na Larabci ne, Tajuddini, na Shehu Magili. Malamin ya biyo ta Ayar ya isa Kano, ya rubuta shi domin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ya gargaɗi shugaba ya sa amintattu kan dukiya, ya samu marubuta da masu lissafi, kuma kada ya ɓuya ga jama'arsa. Ashe ajiye kaye ba nasara ya kawo mana shi ba.

Na biyu na Faransanci ne, Administration industrielle et générale, na Henri Fayol, wanda ya fito a 1916. Injiniya ne, ya riƙe wani kamfanin haƙar gawayin ƙasa da ƙarfe a Faransa daga 1888 zuwa 1918. Ya same shi dab da karyewa, ya tashe shi. Ya ce aikin shugabanci biyar ne: hangen gaba, tsara aiki, ba da umurni, haɗa kan ma'aikata, da bin sawu a ga ko an yi. Ya kuma ce kowane ma'aikaci ya karɓi umurni daga mutum ɗaya tak. Mu umurni muna da shi har ya yi yawa. Bin sawu ne babu.

Na uku, Governing the Commons, wata Ba'amurkiya ce ta rubuta shi a 1990, Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki, a 2009. An juya shi zuwa Faransanci a 2010. Ta binciki ƙauyukan da sunka riƙe kayan taro shekaru ɗaruruwa ba tare da sun lalace ba: makiyayar Torbel a ƙasar Suwis, da ruwan ban-ruwa na Balansiya a Ispaniya. A Torbel ba a yarda mutum ya kai makiyaya shanun da sunka fi waɗanda yake iya ciyarwa da sanyi. Ta gano cewa inda abin ya ɗore, an san wa ke ciki, masu amfani su ke yin doka, masu sa ido jama'a ke tuhumarsu, kuma tara tana farawa kaɗan, ta ƙaru in an sake.

To, ga abin da biro ke kawowa gabanku:

1. Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe kaye daban.
2. Mutum ɗaya ne zai ɗauki nauyin pampo, kuma ga shugaba kaɗai zai karɓi umurni.
3. Mata su zaɓi biyu daga cikinsu su sa ido, tunda su ke ɗibar ruwa.
4. Kowane wata uku a karanta lissafi a dandali, a aika wa na waje ta salula.
5. Wanda ya yi jinkirin zubi a fara da yi masa gargaɗi, tara sai a karo na biyu.

Bayan sallar la'asar za a karanta muku su ɗaya ɗaya, wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiya gida lafiya. Amin.