Zancen Tafinta A Cinikin Panya: Jawabi A Taron 'Yan Kasuwar Bogobiri

An ce in yi magana a kan abin da ke damun 'yan'uwanmu masu tsallaka ruwa daga nan Kalaba zuwa Malabo da Bata, wato zancen tafinta.

Ƙasar nan da muke kira Panya, Ikwatoriyal Gini, ta sami mulkin kai daga Sifen a 1968. A 1985 ta koma kashe sefa, a 1998 kuma ta sa Faransanci cikin harsunan hukuma. Amma ku shiga kanti ku gani: rasit da Sifaniyanci, rubutun jikin kwali ma haka. Mu kuwa iyakarmu Faransancin kasuwa, shi ma sai wanda ya zauna Duwala ko Garwa. A nan wasu samari suka sami abinci. Ba su ƙarƙashin kowa, wanda ya kira su shi suke yi wa aiki, su ji Sifaniyancin mai kanti su juya maka shi da Faransanci.

Sana'a ce mai kyau, amma jama'a a kula da lissafi. Da Sifaniyanci sittin "sesenta" ce, saba'in "setenta", harafi ɗaya ya raba su, ga hayaniyar kasuwa. Shi kuma Bafaranshe saba'in ɗinsa "sittin da goma" ce, casa'in kuwa "ashirin huɗu da goma". Kai kuma kana can kana ƙirga dala da jika a zuci. Katan 50 ne, aka ce jika 70 ka ji 60, ran biya sai ka tarar da giɓin jika 500. Wa za ka kama? Don haka kowane farashi a rubuta shi da lamba, kowa ya gani da idonsa. In ka ga 1.500 a takardarsu, dubu da ɗari biyar ke nan, su ɗigo suke sawa inda mu muke sa waƙafi.

Masu sarin kayan gwangwani da biskit, ku sa tafinta ya karanta muku abin da aka haɗa a ciki kafin ku biya. Kalma uku ku haddace ko da ba ku iya komai ba: "cerdo" alade ne, shi ne "porc" da Faransanci, "jamón" naman cinyarsa, "manteca de cerdo" kitsensa. Kada mutum ya kawo wa Musulmi wannan a kan teburinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne biya. Da yawanmu ba ma son biyan tafinta, sai mu ce ai mai kanti zai sallame shi. To, wallahi wanda mai kanti ke ba la'ada dillalin mai kanti ne, farashi ya hau shi riba ce gare shi. Ku yanka masa ladansa na yini tun kafin a fita, daga aljihunku, ku kuma gaya masa duk abin da aka faɗa ya faɗa, ko zagi ne.

Ina roƙon ƙungiya ta buɗe littafi a wurin Sakatare. Duk wanda ya yi aiki da tafinta mai amana a Malabo ko Bata ya kawo sunansa, domin sababbin shiga su san wanda za su nema.