Gini Bai Ƙare Ba Sai An Gyara Fili



Mai girma Shugaban taro, iyayenmu masu unguwanni, malamanmu, shugabannin wannan ƙungiya, iyaye mata da 'ya'yanmu matasa. Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana a kan wani abu da ake gani ƙarami, wato filin da ake bari a lalace bayan an kammala gini.

Bara aka gina sababbin ajujuwa a makarantar firamare ta unguwarmu, inda na yi aiki har na yi ritaya. Kowa ya yi murna. Amma bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa, filin da yara ke motsa jiki a kai, wanda muka yi shekaru muna rainon ciyawarsa, ya koma tulin ɓaraguzan bulo da gutsattsarin rodi da busasshen siminti. Inda ciyawa take, tsaidau da ƙarangiya suka mamaye. Kafin zangon karatu ya ƙare ƙusa ta soki jikana a tafin ƙafa, sai da aka kai shi asibiti. Ranar na gane cewa mun karɓi ginin da bai ƙare ba.

Kakanninmu ma sun yi gini, kuma babba. Tarihi ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) shi ya soma ganuwar Kano, Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta. Ramukan da aka haƙi ƙasar ginin ganuwa da gidaje su ne suka zama kududdufai, suka riƙa tare ruwan sama don kada ya ci gidaje. Takin dabbobi da sharar birni kuwa, jakai ke fita da su a mangala zuwa gonakin bayan gari. Ba su bar ƙasar da suka taɓa haka kawai ba, sun sama mata amfani. A zamaninmu gini sai ƙaruwa yake yi. A 2010 an rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, daga baya aka sake gina ta, sannan tsakanin 2011 da 2015 aka yi gadar sama ta Ƙofar Nasarawa. An cike kududdufai da dama an yi gini a kansu. Ɗan filin da ya rage a cikin birni, irin na harabar makaranta da ta masallaci, ya zama abin tattali.

Me ke kashe fili bayan gini? Abu biyu ne, kamar yadda aka koya mana a lambun kwalejin horon malamai. Na farko, tayoyin tifa da tarin yashi da tsakuwa suna daddanne ƙasa har ta yi tauri kamar daɓe. Ruwa ba ya shiga, saiwa ba ta ratsawa. Na biyu, wurin da aka kwaɓa siminti ko aka wanke shebur yana ɗaukar kaifi irin na kanwa, wanda ke ƙona ɗanyar saiwa. Saboda haka watsa iri a kan irin wannan ƙasa asara ce.

Ga yadda ake gyarawa. Tun da bazara, cikin watan Afrilu ko Mayu, a tsince ɓaraguzai da ƙusoshi, a kankare ɓawon siminti a fitar da shi a baro. A sa diga a farfasa ƙasa zurfin taƙi guda ko fiye. Don a gwada, a haƙa ɗan rami a zuba bokitin ruwa. Idan ya daɗe yana kwance, a ƙara haƙa. Daga nan a kawo ƙasar gona mai kyau a cike gurbi, a gauraya ta da ruɓaɓɓen takin tumaki ko na shanu, ba ɗanye ba, domin ɗanye yana da zafi. A baje da manjagara, a ɗan karkata filin yadda ruwa zai bi magudana, kada ya kwanta a gindin gini.

Idan damina ta zauna, wajen ƙarshen watan Yuni, sai a dasa. Ba sai mun sayo iri mai tsada ba. Kirikiri, ciyawar da muke takawa a gefen hanya, tana yaɗo, tana jure taku da fari. A ciro ta da saiwarta, a dasa da tazarar taƙi guda, a danne da ƙafa. A bakin magudana a dasa jema, saiwarta na riƙe ƙasa. A kewaye wurin da ƙaya ko darni saboda awaki, a hana yara shiga kamar mako shida zuwa takwas. Kafin markar Agusta ta wuce za a ga fili ya rufe. Wanda ya jira sai kaka, shi da sayen ruwan 'yan garuwa.

Ina roƙon ƙungiya abu biyu. Na ɗaya, tun ran gini tun ran zane: duk aikin da za mu bayar, ko za mu sa ido a kai, a rubuta cikin yarjejeniya cewa kwashe ɓaraguzai da gyaran fili suna cikin aikin, kuma kada a biya kason ƙarshe sai an je an gani da ido. Na biyu, a tsayar da Asabar ɗaya kafin ruwa ya sauka, a yi aikin gayya a filin makarantarmu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matasa su kawo ƙarfi, masu kiwo su ba da taki. Ni ƙarfina ya ja baya, amma diga biyu da baro ɗaya suna wuyana, kuma in Allah Ya yarda da ni za a fara.

Allah Ya albarkaci zuriyarmu, Ya ba mu damina mai albarka.