ABUJA TA WANE NE? JAWABIN RUFE GASAR KACICI-KACICI TA 'YA'YAN ƘUNGIYA

 

Shugaban wannan taro, Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, iyayenmu malamai, iyaye mata, 'yan'uwa 'yan kasuwa, da ku manyan gobe da kuka fafata yau, muna yi muku barka da zuwa.

Mu da aka ɗora wa nauyin shirya tambayoyin bana ba malaman makaranta ba ne, 'yan kasuwa ne. Amma mun zauna mun saurara tun daga farko har ƙarshe, kuma akwai abin da ya faranta mana rai, akwai wanda ya sosa mana zuciya. Da aka tambayi yaranmu kogin da ya fi tsawo a Afirka, nan take suka ce Nilu. Aka ce ina ne babban birnin Faransa, kafin a rufe baki an ce Paris. Shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, 1960, wannan ko ƙananan cikinsu sun sani. Madalla. To amma da aka ce, "Daga ina sunan Abuja ya fito?" sai wuri ya yi tsit, yara suka shiga kallon juna. Wallahi ba su kaɗai ba, mun hangi wasu iyayen ma suna sunkuyar da kai. Ga shi kuwa nan aka haifi yawancin yaran nan, nan muke ci, nan muke sha. Shi ya sa muka ga ya dace mu koma kan tambayoyin da aka faɗi, mu warware su gaban kowa.

Ta farko ita ce ta suna. A zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka soma a 1804, jama'ar Malam Musa suka ci Zariya. Sarkin Zazzau na lokacin, Muhammadu Makau, ya yiwo kudu da mutanensa har ya sauka Zuba, wannan Zubar dai da muke zuwa sarin lemo da ayaba. Makau ya rasu wajen yaƙi a ƙasar Lapai a 1825, sai ƙanensa Abubakar ya gaje shi. Mutum ne mai hasken fata, don haka ake ce masa Abu Ja. Shi ne ya kafa gari a 1828, garin ya ci sunansa, Abuja.

To, sai a lura da kyau, don nan ne gizo ke saƙa. Wannan garin na Abu Ja ba shi ne inda Wuse da Garki da Maitama suke ba. Shi ne garin da muke kira Suleja yanzu, cikin Jihar Neja. Da gwamnati ta ɗauki sunan ta ba sabon birni, sai tsohon garin ya koma amsa sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Har gobe kuwa sarautar garin Sarkin Zazzau Suleja ake ce mata, don kada a manta asali.

Tambaya ta biyu: wa ya mayar da nan babban birni? Yara da dama sun ce Babangida, kuma rabin amsar ke nan. Janar Murtala Muhammed ne ya kafa kwamiti a 1975 ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, don a duba ko Legas za ta iya ci gaba da ɗaukar wannan nauyi, ganin yadda ta cushe. Kwamitin ya ba da shawarar a dawo tsakiyar ƙasa, inda akwai fili, kuma babu ɗaya daga manyan ƙabilu da za ta ce gidanta ne. Murtala ya yi wa 'yan ƙasa shelar haka ranar 3 ga Fabrairu, 1976. Kwana goma bayan nan, ranar 13 ga wata, aka kashe shi a Legas, Allah ya jiƙansa. Bai ga ko harsashin ginin ba. Sai ranar 12 ga Disamba, 1991 Janar Ibrahim Babangida ya taso da fadar gwamnati ya dawo nan. Kun ga wani ya shuka, wani ya yi ban-ruwa, wani ya girbe.

Ta uku ta shafi iyaka, kuma mu 'yan kasuwa ita ta fi shafa. An yanko wannan yanki ne, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000, daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Yau jihohi huɗu ke kewaye da mu: Neja, Kaduna, Nasarawa da Kogi. Ƙananan hukumomin yankin kuma shida ne: ta cikin birni, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. An tambayi yara inda Dutsen Zuma yake, wanda ke jikin tsohuwar takardar naira ɗari, duk suka ce Abuja. A'a, yana Jihar Neja, kusa da Madalla. Haka Mararraba, ko da yake taku kaɗan ne daga Nyanya, tana Jihar Nasarawa. Wani zai ce mene ne a ciki? Da sauƙi a wajen gasa, maki kawai za a rasa. Amma mun sha ganin ɗan'uwa ya tara guminsa na shekaru ya sayi fili, bai san ma a wace jiha filin yake ba, balle ya san hukumar da ke da ikon ba da takardarsa. Ranar da rusau ya zo, kuka ba ya magani.

Ta huɗu ita ce mafi nauyi: su wa aka tarar a nan? An tarar da Gbagyi, waɗanda muke kira Gwarawa, da Koro, da Gade, da Gwandara, da Bassa, da Ganagana, da sauransu, kowa da gonarsa da kushewar kakanninsa. Wasu an tashe su daga ƙauyukansu don a gina wannan birni da muke alfahari da shi. Ku ciro naira ashirin ku duba. A fuska ɗaya Murtala ne. A ɗaya fuskar akwai wata mace tana ginin tukunya, ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga ƙasar Kwali. Ta shiga makarantar koyon ginin tukwane da wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe a tsohuwar Abuja, a 1954, ta kai sana'arta har Ingila da Amurka, ta rasu a 1984. Kullum takardar nan tana ratsa hannunmu wajen canji, amma yaro ɗaya tak ya san sunanta.

Jama'a, ga dalilin da ya sa muka tsaya kan wannan. Magana iri biyu muke ji a kasuwa da majalisu, kuma duk biyun kuskure ne. Wani namu zai bugi ƙirji ya ce ai Abuja tamu ce, tunda sunan Bahaushe ne. Wani kuma ya ce Abuja ba ta kowa ba ce, daji ne gwamnati ta sare. Gaskiya ita ce sunan na Abu Ja ne, birnin na dukan 'yan Nijeriya ne, ƙasar kuwa akwai waɗanda aka tarar a kanta, kuma sun yi haƙuri da yawa. Yaron da ya san waɗannan abubuwa uku ba zai ji shi bare ne a nan ba, ba kuma zai buɗe baki ya raina mai masauki ba. Rigingimu da yawa da suka cinye dukiyar Hausawa a garuruwan zama, daga ɓatacciyar magana guda suka faro. Tun muna Islamiyya malamai ke nanata mana girman haƙƙin maƙwabci, to yaya za ka kiyaye haƙƙin wanda ba ka san ko wane ne ba? Iyayenmu fatake da suka zauna Kumasi da Sabon Ibadan, abin da suke fara yi shi ne sanin mai gari da al'adarsa. Zama da kowa lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na farko, malaman Islamiyyarmu su ware ko da rabin awa a mako don tarihin inda muka fito da inda muke zaune. Na biyu, shugabanni su ɗauki mota su kai yaran nan Suleja su ga fadar sarki, a biya da su ta Zuma, a nuna musu madatsar ruwa ta Usuma da muke shan ruwanta. Gani ya kori ji. Na uku, gasar baɗi mu gayyato 'ya'yan maƙwabtanmu Gbagyi, su tambaye mu, mu tambaye su.

Ku da kuka ci kyauta, muna taya ku murna. Ku da ba ku ci ba, kada ku karaya, matambayi ba ya ɓata. Yau da dare kowa ya tambayi babansa sunan garin kakansa da abin da ya kawo shi Abuja. Iyaye kuma sai mu shirya amsa.

Allah ya raya mana zuriya, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.